Ummu Kulsum: mawaƙiyar da ta riƙe zukatan Masarawa a shekarun yaƙi

A cikin kwana shida na watan Yunin 1967, ƙasar Masar ta yi asarar mafi yawan jiragen yaƙinta, da yankin Sina'i baki ɗaya, da dubban sojoji. Akwai kuma wata asarar da ba ta shiga lissafin hafsoshi ba. A kwanakin farko na yaƙin, gidan rediyon gwamnati ya yi ta shelar nasara, yana ƙirga jiragen Isra'ila da ya ce an kakkaɓo, jama'a suna ta murna a tituna. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Da gaskiya ta fito, talakan Masar ya wayi gari bai san muryar da zai ƙara yarda da ita ba.

Muryar da ta tsira da mutuncinta a wannan akwatin rediyo ita ce ta wata mata da ta haura shekara 60, mai fama da ciwon ido, wadda Larabawa suke kira Tauraruwar Gabas, Masarawa kuma suke ce mata Uwargida kawai, kowa ya san wadda ake nufi. Sunanta Ummu Kulsum. Abin da ta yi da wannan murya daga 1967 zuwa ƙarshen rayuwarta shi ne ya sa har yau ake ambatonta idan ana maganar yadda waƙa take tallafar mutanen da yaƙi ya ritsa da su a gidajensu.

'Yar liman daga ƙauye

An haifi Ummu Kulsum a wajajen farkon ƙarni na 20 a ƙauyen Tamay al-Zahayra, cikin lardin Dakahaliyya, a yankin da kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Mahaifinta, Shehu Ibrahim al-Baltaji, limamin ƙauyen ne. Abin da yake samu a limanci bai isa ciyar da gida ba, don haka yakan je bukukuwan aure da na Mauludi yana rera ƙasidun yabon Manzon Allah, ana ba shi ɗan abin hasafi. Sunan da aka raɗa mata na 'yar Manzo ne, sunan da yake a gidajen Hausawa ma har gobe.

An sa ta makarantar allo, abin da ba kowace yarinya ce take samu ba a ƙauyukan wancan zamani. A can ta koyi karatun Alƙur'ani da fitar da kowane harafi daga mafitarsa. A gida kuma takan saurari mahaifinta yana koya wa yayanta Khalid ƙasidu, ta haddace su ba tare da an koya mata ba. Da liman ya ji ƙarfin muryar 'yarsa sai ya sa ta cikin ayarinsa. Amma da yake abin kunya ne a ga 'yar malami tana waƙa a gaban maza, sai aka riƙa sa mata alkyabba da rawanin samari. Haka ta yi shekaru tana zagaya ƙauyukan lardin, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan jaki, wani lokaci a taragon talakawa na jirgin ƙasa.

Wannan tashi ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Ko da ta yi arziki ta zauna a unguwar masu hali ta Zamalek, ba ta daina kiran kanta 'yar ƙauye ba, kuma manoma ba su daina ɗaukarta a matsayin tasu ba.

Alkahira da daren Alhamis

A farkon shekarun 1920 ta koma Alkahira da zama, bisa shawarar masana waƙa irin su Shehu Zakariyya Ahmad da Shehu Abul Ila Muhammad, wanda ya zama malaminta. Da farko 'yan birni sun yi mata dariyar ƙauyanci. Ba ta yi fushi ba, ta zauna ta koyi abin da ba ta sani ba. Marubucin waƙa Ahmad Rami ya buɗe mata ƙofar adabin Larabci, ya kuma rubuta mata waƙoƙi fiye da 100 a tsawon rayuwarsu. Ta sallami ayarin 'yan'uwanta masu amshi, ta ɗauki ƙwararrun makaɗa, cikinsu har da Muhammad al-Ƙasabji, gwanin molon Larabawa da ake kira ud. Kafin ƙarshen shekarun 1920 faya-fayan garmahonta sun fi na kowa kasuwa, kuma ita da kanta take zama ta yi cinikin kwangilarta da kamfanoni.

Da aka buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a 1934, tana cikin waɗanda suka yi waƙa a ranar farko. Bayan 'yan shekaru ta kafa al'adar da ta ɗore kusan shekara 35: a lokacin wasanninta, daren Alhamis ɗin farko na kowane wata, takan hau dandamali a Alkahira, rediyo kuma ya watsa kai tsaye. Waƙa biyu ko uku take yi a dare ɗaya, kowace tana iya cin awa guda. Takan ɗauki ɗango ɗaya ta maimaita shi sau da yawa, kowane karo da salon da ya bambanta da na baya, masu sauraro suna ihu suna roƙon ta sake. A irin wannan dare tituna sukan yi tsit daga Bagadaza har Kasablanka. Iyalai sukan taru a gaban rediyo, wanda ba shi da akwati ya tafi shagon mai shayi.

Wannan al'ada ce ta zama jarinta a lokacin wahala. Kafin yaƙi ya zo, mutane miliyoyi sun riga sun saba da zama wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, suna jin abu ɗaya.

Faluja da juyin mulki

Haɗuwarta ta farko da yaƙi ta zo ne a 1948. An yi wa wata rundunar Masar ƙawanya a Faluja, cikin Falasɗinu, wata da watanni. Marubuta tarihinta sun ruwaito cewa sojojin da aka killace sun aiko da roƙon ta rera musu wata waƙa a wasanta na wata, ta kuwa rera, suka saurara ta rediyo daga ramukansu. Da suka dawo gida a 1949 ta gayyace su liyafa a gidanta. Cikin hafsoshin da suka sha wannan ƙawanya akwai wani matashi mai suna Jamal Abdul Nasir.

Bayan juyin mulkin 23 ga Yulin 1952 da ya kawar da Sarki Faruk, wasu jami'ai sun hana sa waƙoƙinta a rediyo, don ta yi wa sarki waƙa, ya kuma ba ta lambar girma a 1944. Da labari ya kai ga Nasir sai ya sa aka janye hanin nan take. Daga nan dangantakarsu ta ƙullu. Shi yana bukatar muryar da take shiga kowane gida, ita kuma ta yi imani da abin da yake kira a kai na 'yancin Masar da haɗin kan Larabawa. A zamaninsa ne rediyon Alkahira ya ƙara ƙarfi, aka buɗe tashar Sautul Arab a 1953, aka kuma riƙa watsa shirye-shirye cikin harsunan Afirka, har da Hausa.

Waƙar da ta zama taken ƙasa

A ranar 26 ga Yulin 1956 Nasir ya mayar da mashigin ruwan Suwez mallakar ƙasa. A ƙarshen Oktoba Isra'ila ta kutsa Sina'i, Birtaniya da Faransa suka bi da ruwan bama-bamai, sannan suka sauke sojojin laima a birnin Fot Sa'id ranar 5 ga Nuwamba. An rusa unguwanni, an kashe fararen hula masu yawa. Jiragen Birtaniya sun kai hari har kan turakun watsa shirye-shiryen rediyo da ke Abu Za'abal, kusa da Alkahira, abin da yake nuna yadda maharan suka ɗauki rediyon da muhimmanci.

A cikin waɗannan kwanaki ne Salah Jahin ya rubuta waƙar Wallah Zaman Ya Silahi, Kamal al-Tawil ya ɗora mata kiɗa, Ummu Kulsum ta rera. Gajeriyar waƙa ce mai karin tafiyar soja, wadda yaro ma zai iya kamawa a ji ɗaya. Da rediyo ya dawo aiki ya yi ta maimaita ta, mutane suka ɗauka suna rerawa a tituna da wuraren horar da 'yan sa-kai. Masar ta fita daga wannan yaƙi da mashiginta a hannu, bayan Amurka da Tarayyar Sobiyet sun matsa wa maharan su janye. A 1960 aka mayar da waƙar taken ƙasa, ta kuma riƙe wannan matsayi har 1979, shekarar da Masar ta ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Isra'ila, aka sauya ta da wani take mai sanyin lafazi.

Waƙar 1956 ta dace da mutanen da suke ganin za su yi nasara. Abin da ya biyo baya shekara 11 ya bukaci wani abu dabam.

Bayan faɗuwar 1967

Yaƙin Yuni bai ƙare wa fararen hula a kwana shida ba. Sojojin Isra'ila sun zauna a gaɓar gabas ta mashigin Suwez, na Masar a ta yamma, ana musayar wutar manyan bindigogi har zuwa watan Agustan 1970. Biranen da ke bakin mashigin, wato Fot Sa'id da Isma'iliyya da Suwez, suna tsakiyar wutar. A Oktoban 1967 aka ƙona matatun man Suwez. Gwamnati ta kwashe dubban ɗaruruwan mazauna waɗannan birane ta rarraba su a ƙauyuka da makarantu da gidajen dangi. Masunta da ma'aikatan tashar jiragen ruwa suka koma 'yan gudun hijira a cikin ƙasarsu.

A Alkahira an shafa wa tagogi da fitilun motoci shuɗin fenti saboda harin dare, an gina katangun bulo a ƙofofin benaye. Mashigin da yake kawo wa ƙasa kuɗin waje ya rufe, rijiyoyin man Sina'i sun tafi, masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa. Layi ya yi tsawo a kantunan gwamnati. Samarin da suka gama jami'a aka riƙe su a soja shekara da shekaru, aure da aiki suka tsaya. A farkon 1970 hare-haren jiragen sama suka shigo cikin ƙasa: a watan Fabrairu aka kashe ma'aikata da dama a wata masana'anta a Abu Za'abal, ranar 8 ga Afrilu kuma bam ya faɗa kan makarantar firamare ta ƙauyen Bahr al-Baƙar, yara fiye da 30 suka rasu.

Makusantan Ummu Kulsum sun ba da labarin cewa bayan faɗuwar ta kulle kanta a gida kwanaki ba ta son ganin kowa. Da ta fito, ta fara da abin da yake hannunta. Ta ba da gwala-gwalanta ga asusun sake gina rundunar ƙasa da taimakon waɗanda yaƙi ya shafa, ta jagoranci wani gangamin mata na tara gudummawa. Matan da ba su da komai sai awarwaro ɗaya ko zoben aure suka riƙa kawowa. Sannan ta bar dandamalinta na Alkahira ta shiga larduna, ta fara da Damanhur a watan Agustan 1967, ta je Iskandariyya da Mansura da Tanta, duk kuɗin ƙofa yana tafiya asusun.

Daga Faris zuwa Omdurman

A ranakun 13 da 15 ga Nuwamban 1967 ta yi wasa a zauren Olympia na birnin Faris, bisa gayyatar shugabansa Bruno Coquatrix. Wannan ne karo ɗaya tak da ta yi waƙa a gaban jama'a a Turai. Tikiti ya yi tsada, amma zauren ya cika maƙil. Leburori 'yan Aljeriya da Maroko da Tunisiya da ke aiki a masana'antun Faransa, da ɗalibai, da attajiran da suka zo daga wasu ƙasashe, duk suka zauna wuri ɗaya har tsakar dare ta wuce. Ga baƙin da suka yi wata biyar suna sunkuyar da kai a gaban abokan aikinsu saboda abin da ya faru a Yuni, ganin jaridun Faransa suna jinjina wa mace Balarabiya ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin da aka biya ta ta miƙa su ga baitulmalin ƙasarta.

A 1968 ta je Maroko da Kuwait da Tunisiya da Labanan, a watan Disamba kuma ta sauka a Sudan, inda ta yi wasa a babban gidan wasan ƙasa da ke Omdurman. An tarbe ta kamar shugabar ƙasa. Ta halarci bikin aure irin na Sudan, ta kuma nemi a kawo mata rubuce-rubucen mawaƙan ƙasar don ta zaɓi ɗaya. Ta zaɓi ƙasidar wani malamin makaranta, Al-Hadi Adam, mai suna Aghadan Alƙak. Muhammad Abdul Wahab ya yi mata kiɗa, ta rera ta a 1971, kuma har yau 'yan Sudan suna alfahari da ita.

A watan Maris na 1969 ta yi wasa a Libiya, aka ba da kuɗin ga 'yan gwagwarmayar Falasɗinu. Gwamnatin Masar ta ba ta fasfon diflomasiyya. Masu bincike sun ƙiyasta abin da ta tara a waɗannan shekaru da fiye da dala miliyan 2, ban da zinariyar da aka riƙa ba ta hannu da hannu. A ma'aunin kuɗin yaƙi wannan bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa ya fi yawa ta wani gefen: ya ba malamin makaranta da matar aure da ɗan ci-rani hanyar da za su sa hannu, a lokacin da kowa yake jin ba shi da abin yi sai kallo.

Abin da take rerawa

Wanda bai san labarin ba zai zaci waƙoƙin yaƙi ta riƙa yi a wannan rangadi. Ta yi wasu kam. Ta rera waƙar roƙon Nasir ya janye murabus ɗin da ya yi shela ranar 9 ga Yunin 1967, a 1969 kuma ta rera wata ta Falasɗinu da Nizar Ƙabbani ya rubuta. Amma a kan dandamali, a Faris da Rabat da Omdurman, mafi yawan abin da ta rera waƙoƙin soyayya ne.

Wadda ta fi fice a cikinsu ita ce Al-Atlal, wato kufai, ƙasidar likita Ibrahim Naji da Riyad al-Sunbati ya yi wa kiɗa, wadda ta fara rerawa a 1966, shekara guda kafin yaƙin. Maganar masoyi ce da ya tsaya a kan kangon abin da ya wuce yana tuna ɗaukakar da, yana kukan ƙangin da yake ciki. Bayan Yunin 1967 babu mai bukatar a yi masa fassara. Wanda aka kwashe daga Suwez ya ji gidansa a ciki, uwar da ɗanta bai dawo daga Sina'i ba ta ji ɗanta, Bafalasɗine ya ji garinsu. Hukuma ta sa wa abin da ya faru suna mai sauƙi, tana kiransa koma-baya kawai, ba a kuma son a yi ta maganarsa a fili. A zauren Ummu Kulsum ne namiji babba yake iya zubar da hawaye a gaban jama'a ba wanda zai tambaye shi dalili.

Ga kuma yadda take tsayawa. Mace ce mai shekaru, cikin doguwar riga mai rufe jiki, da ƙyalle a hannu, ba rawa ba tsalle, tana fitar da Larabci tsantsa irin na wadda ta tashi a kan allo. Mutanen da aka ce musu sun zama abin dariyar duniya sun ga wani abu nasu da babu wanda ya fi su iyawa, kuma jirgin yaƙi bai isa ya rusa shi ba.

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu masana da 'yan adawa sun zarge ta da zama muryar gwamnati, suna cewa dogayen waƙoƙinta suna sa jama'a maye su manta da tambayar waɗanda suka jawo musu faɗuwa. A unguwannin talakawan Alkahira, makahon mawaƙi Shehu Imam da abokinsa Ahmad Fu'ad Najm suna yin waƙoƙin zambo ga manyan hafsoshi, har aka ɗaure su. A Suwez kuma ƙungiyar Aulad al-Ard ta Kyaftin Gazali tana kaɗa simsimiyya, garayar mutanen bakin mashigi, ga waɗanda suka ƙi barin gari da waɗanda aka kwashe. Kowane ɗayansu ya toshe wata kafa: wani ya faɗi fushin mutane, wani ya riƙe musu sunan garinsu. Ummu Kulsum ta ɗauki baƙin cikin, kuma ita kaɗai ce muryarta take kai wa kowane gida a dare ɗaya.

Ƙarshen tafiya

A watan Satumban 1970 tana birnin Mosko, tana shirin yin wasa, labarin rasuwar Nasir ya iske ta. Ta soke wasan ta komo gida. Ta ci gaba da waƙa shekara biyu da 'yan watanni, ciwon ƙoda yana cin ta. A watan Janairun 1973 ta yi wasanta na ƙarshe a Alkahira. Da sojojin Masar suka tsallaka mashigin Suwez ranar 6 ga Oktoban wannan shekara, ta riga ta bar dandamali.

Ta rasu ranar 3 ga Fabrairun 1975 a asibitin soja na Ma'adi. Ba ta bar ɗa ko 'ya ba daga aurenta da likita Hassan al-Hifnawi. An shirya jana'izarta ranar 5 ga wata daga masallacin Umar Makram, da tsarin hukuma da jerin manyan baƙi. Jama'a, waɗanda aka ƙiyasta da miliyoyi, suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauke da ita, suka yi ta miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa na tsawon sa'o'i har masallacin Sayyidina Husaini, kafin limami ya roƙe su su bari a kai ta makwancinta.

Wata huɗu bayan haka, ranar 5 ga Yunin 1975, aka sake buɗe mashigin Suwez, shekara takwas cif da rufe shi, mutanen biranen bakinsa kuma suna ta komawa gidajensu. A 2001 gwamnatin Masar ta buɗe gidan tarihi da sunanta a tsibirin Rauda da ke tsakiyar Nilu a Alkahira. A cikin kayan da aka ajiye akwai baƙin tabaranta, da ƙyallayen da take riƙewa a kan dandamali, da fasfon diflomasiyyar da ta yi yawon neman gudummawa da shi.